Ciwon Mara Mai Daɗewa ga Mata da Cututtukan da ke Rakiyarsa: Bayani da Matsalar Sunaye a Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da mata kan kai asibiti, kaɗan ne suka kai ciwon mara yawa, kaɗan ne kuma suka kai shi wuyar ganewa. Wuyar tasa ta samo asali daga abubuwa biyu. Na farko, ba kasafai ciwon kan zo shi kaɗai ba. Yakan zo tare da wasu cututtuka na mahaifa da mafitsara da hanji da tsoka, har ma da na zuciya da tunani. Na biyu, likita ba ya ganin ciwo da ido, ba ya kuma auna shi da ma'auni kamar yadda yake auna zafin jiki ko hawan jini. Abin da majiyyaciya ta faɗa da bakinta shi ne babbar hujjarsa. Ke nan harshe shi ne kayan aiki na farko a wajen gano wannan cuta, tun kafin a kai ga awon jini ko hoton ciki.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana cututtukan da ke rakiyar ciwon mara mai daɗewa kamar yadda ilimin likitanci na zamani ya tabbatar da su, da dalilin da ya sa suke haɗuwa a jiki guda. Daga nan za a dubi kalmomin da mai magana da Hausa ke amfani da su wajen faɗar waɗannan cututtuka, tare da la'akari da Birnin Tarayya, Abuja, inda Hausa ke aiki a matsayin harshen haɗa al'ummu mabambanta. A ƙarshe za a kawo shawarar wasu keɓaɓɓun kalmomi domin masana su duba.

2.0 Ma'anar Ciwon Mara Mai Daɗewa

A Hausa, mara ita ce sashen ciki da ke ƙasa da cibiya. A cikin kwarangwal ɗin ƙugu da ke kewaye da wannan sashe akwai mahaifa da ma'ajiyar ƙwai biyu da bututun ƙwai biyu da mafitsara da ƙarshen babban hanji, sannan akwai faifan tsoka da ke tallafe da su duka daga ƙasa. Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila, a jagoran da ta fitar a shekarar 2012, ta bayyana ciwon mara mai daɗewa da cewa ciwo ne a wannan sashe wanda ya kai wata 6 ko fiye, ko yana zuwa yana tafiya ko ya zauna daram, wanda kuma bai taƙaita ga lokacin haila ko saduwa kawai ba, ba shi kuma da alaƙa da juna biyu.

A shekarar 2006 Latthe da abokan aikinta suka tattara binciken ƙasashe da dama a madadin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sun samu cewa ciwon marar da ba ya bin zagayen haila yana damun tsakanin kashi 2.1 zuwa kashi 24 cikin 100 na mata, gwargwadon ƙasar da aka yi binciken, ciwon saduwa kuwa tsakanin kashi 8 zuwa kashi 21.8. Wani ci gaba kuma shi ne, kundin rarraba cututtuka na Hukumar, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ya amince da cewa daɗaɗɗen ciwo na iya zama cuta mai zaman kanta, ko da ba a ga wani rauni da za a ɗora wa alhakinsa ba. Wannan batu yana da muhimmanci ga matar da aka sha ce wa an duba ba a ga komai ba.

3.0 Cututtukan da ke Rakiyar Ciwon Mara

3.1 Na Mahaifa da Kewayenta

Ta farko ita ce endometiriyosis. A wannan cuta, wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yakan tsiro a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji da mafitsara. Naman yana amsa sinadaran haila kamar yadda shimfiɗar asali ke yi, sai dai jininsa ba shi da mafita, don haka yakan jawo kumburi da tabo, ya manne gaɓoɓin da juna. Tun shekarar 1927 likita John Sampson na Amurka ya kawo ra'ayin cewa komawar jinin haila baya ta bututun ƙwai na cikin musabbabinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa, wato kimanin mata miliyan 190. An daɗe ana ɗaukar cewa cutar ba ta cika kama matan Afirka ba, amma binciken da Fawole da abokan aikinsa suka yi a Ibadan, wanda aka buga a 2015, ya same ta a jikin kashi 48.1 cikin 100 na matan da aka leƙa cikinsu da madubin tiyata. Haka kuma binciken Nnoaham na 2011, wanda ya haɗa ƙasashe 10 har da Nijeriya, ya nuna cewa a matsakaici mace kan yi shekara 6.7 tana fama kafin a gano cutar.

Akwai kuma 'yar'uwarta, adenomayosis, inda naman ke kutsawa cikin tsokar mahaifar kanta, ya sa ta kumbura, haila ta yi yawa ta yi zafi. Sai ƙarin mahaifa, wanda aka fi sani da faibiroid. Wannan ƙari ba sankara ba ne, ya kuma fi yawa ga baƙar fata: wani bincike da Baird ta jagoranta a Amurka a 2003 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata kan same shi kafin su cika shekara 50. Da yawa daga cikin masu shi ba sa jin komai. Saboda haka ganin ƙari a hoton ciki bai isa hujjar cewa shi ne ke kawo ciwon ba.

Ta ƙarshe a wannan rukuni ita ce kumburin mahaifa da bututun ƙwai da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, musamman na ciwon sanyi da kilamidiya, ko waɗanda ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsafta, wani lokaci kuma ƙwayar tarin fuka. Ko bayan an kashe ƙwayoyin, tabon da suka bari yana iya ci gaba da ciwo. Binciken Weström na ƙasar Suwidin, na 1992, ya nuna cewa toshewar bututun ƙwai mai hana haihuwa kan samu kashi 8 cikin 100 na mata bayan kamuwa ta farko, kashi 19.5 bayan ta biyu, kashi 40 bayan ta uku ko fiye.

3.2 Na Mafitsara

Akwai wani ciwon mafitsara wanda ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Alamarsa ita ce mace ta riƙa jin nauyi ko zogi yayin da mafitsara ke cika, ta sami sauƙi idan ta yi fitsari, sannan ta riƙa yawan zagayawa dare da rana. Idan aka auna fitsarin ba a samun ƙwayar cuta. Likita Guy Hunner na Amurka ya bayyana gyambon da ake gani a bangon mafitsarar wasu daga cikin masu wannan ciwo tun 1915. Da yake alamunsa sun yi kama da na cutar fitsari ta yau da kullum, mata da yawa kan shafe shekaru suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da wani amfani ba.

A ƙasarmu wajibi ne a ƙara da tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851, tana shiga fatar mutum ne a rafi ko tafki ko madatsar ruwa inda dodon koɗin da ke ɗauke da ita yake. Bahaushe ya san tsargiya da fitsarin jini ga yara maza. Abin da bai shahara ba shi ne ƙwan tsutsar kan maƙale a bakin mahaifa da farji da bututun ƙwai, ya jawo ciwon mara da zubar ruwa da jini bayan saduwa. An ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara, Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Matan ƙauyukan da ke wanka da wanki a kogunan Gurara da Usuma da rassansu, a yankunan Abaji da Kwali da Gwagwalada, suna cikin waɗanda ya kamata a tambaya game da mu'amalarsu da ruwa. Maganinta, wato firazikwantel, sananne ne, amma sai an yi tunanin cutar kafin a ba da shi.

3.3 Na Hanji

Babbar abokiyar ciwon mara a nan ita ce cutar da za mu kira rikicin hanji. Bisa ƙa'idar da masana suka tsayar a 2016, wadda ake kira ƙa'idar Roma ta huɗu, ana tabbatar da ita ne idan ciwon ciki ya riƙa zuwa aƙalla kwana 1 a kowane mako cikin wata 3 da suka wuce, yana da alaƙa da aƙalla biyu daga cikin waɗannan: yin bayan gida, sauyin yawansa, da sauyin kamanninsa, kuma alamun sun faro aƙalla wata 6 kafin nan. Wata takan yi fama da taurin bayan gida, wata da gudawa, wata kuma su riƙa musanya. Kumburin ciki da yawan iska na biye. Cutar ta fi kama mata, takan kuma tsananta a kwanakin haila, abin da ke sa a ɗauka daga mahaifa take. A bakin jama'a, yawancin waɗannan alamu kan faɗa ƙarƙashin basir ko olsa.

3.4 Na Tsoka da Ƙashi

Duk gaɓar da ke ciwo, tsokar da ke kusa da ita takan ɗaure domin kare ta. Idan ciwon mara ya daɗe, faifan tsokar ƙasan ƙugu kan zauna a ɗaure, har shi kansa ya zama tushen sabon ciwo: zafi wajen saduwa, wahalar fitsari ko bayan gida, da kasa daɗewa a zaune. Hoton ciki ba ya nuna wannan. Sai likita ya taɓa tsokar da hannu. Kusa da shi akwai raɗaɗin bakin farji wanda kan kai wata 3 ko fiye ba tare da an ga ƙurji ko ƙwayar cuta ba.

Haka nan akwai faibiromayaljiya, wato ciwon da ke game jiki tare da kasala da barcin da ba ya wartsakarwa. Ƙa'idar da likitocin gaɓoɓi na Amurka suka kafa a 1990 ta dogara ne ga samun zafi a wurare 11 daga cikin 18 da ake dannawa. An sauya ta a 2010, aka koma duba yawan sassan jikin da ke ciwo da tsananin sauran alamu. Ciwon baya da na muƙamuƙi su ma suna cikin wannan ayari. A Nijeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a kowace shekara, dole a tuna cewa wannan cuta takan kashe kan ƙashin cinya, ciwon ya sauko matsematsi, majiyyaciya ta kira shi ciwon mara ko na kwankwaso.

3.5 Na Kai da Barci da Zuciya

Ciwon ɓarin kai ya fi yawa ga mata masu endometiriyosis fiye da sauran mata. Rashin barci kuwa shi da ciwo suna ciyar da juna: ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara kaifin ciwo. Haka abin yake ga ciwon damuwa da fargaba. Matar da ciwo ya hana ta sana'a, ya shiga tsakaninta da mijinta, ga jinkirin haihuwa, ga gorin dangin miji ko na kishiya, ba abin mamaki ba ne idan damuwa ta kwantar da ita. Bincike ya kuma tabbatar da cewa matan da aka taɓa cin zarafinsu, ta duka ko ta fyaɗe, sun fi fuskantar ciwon mara mai daɗewa. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ke aiki a Birnin Tarayya, ta haramta waɗannan laifuka har da kaciyar mata, wadda ita ma tabonta kan bar ciwo na dindindin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta ba masu irin wannan lalura haƙƙin samun kulawa ba tare da wariya ba.

4.0 Dalilin Haɗuwar Waɗannan Cututtuka

Tambayar da ke biye ita ce, me ya sa cututtukan da gaɓoɓinsu suka bambanta suke taruwa a jikin mace ɗaya? Masana sun kawo dalilai guda biyu manya.

Na farko shi ne tarayya a hanyar saƙo. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji suna shiga laka ne a matakai ɗaya ko na kusa da juna. Idan gaɓa ɗaya ta daɗe tana aika saƙon ciwo, wannan mataki na laka yakan zama a farke, har saƙon da ke zuwa daga maƙwabciyarta, wanda a da ba a jin sa, a fara jin sa a matsayin ciwo. Ta haka cutar mahaifa ke iya tayar da mafitsarar da babu abin da ya same ta.

Na biyu shi ne kaifafar jijiyoyin tsakiya, wanda Clifford Woolf ya nuna a gwajinsa na 1983. Ma'anarsa ita ce laka da ƙwaƙwalwa, idan suka daɗe suna karɓar saƙon ciwo, sukan sauya yadda suke aiki, su riƙa ƙara wa saƙon ƙarfi, kamar kare mai gadi da ɓarayi suka sha tayarwa har ya koma yin haushi ga motsin ganye. A wannan hali taɓawa kaɗan takan zama zafi, ciwon kuma ya bazu zuwa sassan da ba su da rauni. A 2017 ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya ta amince da wannan a matsayin nau'in ciwo na uku, baya ga ciwon rauni da ciwon lalacewar jijiya.

Daga wannan bayani abubuwa biyu suka fito. Ɗaya, ciwon na gaske ne ko da hoto bai nuna komai ba. Biyu, cire gaɓa ɗaya ba lallai ne ya kawar da shi ba, shi ya sa ake samun matan da aka cire wa mahaifa amma ciwon bai tafi ba. Abin da likitoci ke bi a yau shi ne haɗa hanyoyi: maganin daidaita sinadaran haila ko tiyata inda akwai endometiriyosis, gashi da motsa tsokar ƙugu, gyaran abinci, magungunan kwantar da jijiya, da kuma ba da shawara kan damuwa. Duk wannan ya rataya ne a kan sanin dukkan abin da ke damun majiyyaciya, sanin kuwa daga bakinta yake fitowa.

5.0 Harshe a Ɗakin Likita

An ƙirƙiri Birnin Tarayya a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnati ta ƙaura zuwa cikinsa a ranar 12 ga Disamba, 1991. Yankin yana da ƙananan hukumomi 6, kuma asalin mazaunansa sun haɗa da Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa. Ga da yawa daga cikinsu, da kuma 'yan gudun hijirar da suka zo daga Gwoza da kewayenta suka zauna a Durumi da Kuchingoro tun wajen 2014, Hausa harshe ne na biyu. Likitan da za su gani a Asibitin Ƙasa, wanda aka kafa a 1999, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko a manyan asibitocin Kubwa da Nyanya da Kuje, da Turanci ya yi karatu, kuma yana iya fitowa daga kowane sashe na ƙasar nan. Sau da yawa maganar takan bi ta bakin ma'aikaciyar jinya ko ɗan'uwan da ya yi rakiya. Matsaloli uku ne suka fi fitowa fili.

5.1 Kalmomi Masu Faɗin Ma'ana

L. Lewis Wall, a littafinsa kan magungunan Hausa na 1988, da sauran manazarta al'ada, sun nuna cewa Bahaushe yakan sa wa cuta suna ne bisa abin da yake ganin ya haddasa ta ko inda ta bayyana. Kalmar sanyi misali ce babba:

(1) a. ciwon sanyi: cutar saduwa
b. sanyin mara: ciwo ko zubar ruwa ga mace
c. sanyin ƙashi: ciwon gaɓoɓi
d. sanyi ya kama ta: mura ko zazzaɓi

Matar da ta ce sanyi ke damun ta tana iya nufin kowace cuta daga cikin waɗanda aka lissafa a 3.1 zuwa 3.4. Idan mai fassara ya mayar da kalmar zuwa cutar ƙwayoyi kai tsaye, kamar yadda aron kalmar infekshan ya sa ake yi a birane, to an rufe ƙofar sauran bincike. Sakamakonsa shi ne maimaita maganin kashe ƙwayoyin cuta har su daina aiki, da zargin juna tsakanin ma'aurata a kan cutar da babu ita. Haka kalmar jijiya: ta ƙunshi mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo da mai ɗaure tsoka da ƙashi. Bayanin da aka yi a 4.0 ba zai fahimtu ba sai an bambance su.

5.2 Kunya da Sakaya Zance

Al'adar Bahaushe ba ta yarda mace ta ambaci al'aura ɓaro-ɓaro ba, balle a gaban namiji baƙo, ko suruki, ko ɗan da ta haifa. Don haka sai ta sakaya:

(2) a. Gabana ne ke damuna.
b. Ba na jin daɗin kwanciya.
c. Ina fashin salla da wahala.
d. Ba na son zuwa turaka.

Jimlar (2a) tana da harshen damo, domin gaba na iya zama al'aura, yana kuma iya zama ƙirji, kamar a faɗuwar gaba. Wanda bai ƙware ba zai ɗauki (2b) a matsayin rashin barci, alhali zafin saduwa ake nufi. Jimlar (2c) kuwa sai wanda ya san hukuncin haila a Musulunci zai gane ta. Ga kuma abin da ba a faɗa sam: matsalar bayan gida, ɗigar fitsari, damuwa, da cin zarafi. Idan likita bai tambaya ɗaya bayan ɗaya ba, cikin lafazin da ba zai kunyata ta ba, majiyyaciya za ta tsaya a kan ciwon mara, sauran su koma gida tare da ita. Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma samun mace mai fassara wadda ba dangin miji ba yana sauƙaƙa wannan matsala ƙwarai.

5.3 Kalmomin Siffanta Ciwo

A nan Hausa tana da wadata, sai dai ba a ci moriyarta ba. Dubi waɗannan:

(3) a. Marata tana murɗawa.
b. Marata ta ɗaure tamau.
c. Ina jin suka kamar allura.
d. Wurin yana raɗaɗi kamar an zuba barkono.
e. Yana mini zogi zut-zut.
f. Ina jin nauyi kamar wani abu zai faɗo.

Kowace daga cikin waɗannan tana nuni zuwa wani wuri dabam. Murɗa ta fi dacewa da gaɓa mai rami da ke matsewa, kamar mahaifa ko hanji. Ɗaurewa tana nuni ga tsoka. Suka da raɗaɗi sun fi kusa da ciwon jijiyar saƙo. Nauyin da ke cikin (3f) kan zo tare da saukowar mahaifa ko cikar jijiyoyin jini na ƙugu. Idan aka fassara su duka da kalma ɗaya ta Turanci mai nufin ciwo, an zubar da bayanin da likita ke nema. Shahararren ma'aunin ciwo na Jami'ar McGill ta Kanada, wanda Ronald Melzack ya fitar a 1975, an gina shi ne kacokan a kan kalmomi 78 na siffanta ciwo da aka kasa rukuni 20. Irin wannan aiki na tattara kalmomi da amsa-kama da rarraba su bisa ma'ana da tsanani aikin masanin harshe ne tare da likita.

6.0 Shawarar Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba sabon abu ba ne a nazarin Hausa. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, a 2017 kuma aka buga ƙamusan kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Igbo da Yarbanci a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan. Bisa wannan tafarki, ana gabatar da waɗannan:

(4) a. ɓatan shimfiɗar mahaifa: endometiriyosis
b. kutsen shimfiɗar mahaifa: adenomayosis
c. zogin mafitsara: ciwon mafitsara marar ƙwayar cuta
d. tsargiyar mata: tsargiyar da ta shafi mahaifa da farji
e. rikicin hanji
f. ɗaurewar tsokar ƙugu
g. ciwon game-jiki: faibiromayaljiya
h. jijiyar saƙo, jijiyar jini, jijiyar ɗauri

An bi ƙa'idoji uku wajen zaɓen su. Na ɗaya, kalmar ta bayyana gaɓa da abin da ya same ta, yadda mai ji zai hango ma'ana ba tare da dogon sharhi ba. Na biyu, ta zama wadda mace za ta iya furtawa a gaban kowa, a kuma iya faɗar ta a rediyo. Na uku, kada ta ɗauki kalmar sanyi, domin kauce wa ruɗanin da aka nuna a 5.1. Wajibi ne a gwada su a bakin masu Hausa a matsayin harshe na biyu, domin kalmar da ta zauna daidai a Kano ko Sakkwato ba lallai ne a gane ta a Kwali ko Bwari ba. Hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Sheda a cikin Birnin Tarayya, tare da sassan harsuna na jami'o'i da ƙungiyoyin likitocin mata, su ne suka fi cancanta da ɗaukar wannan nauyi.

Ya kamata duk wani rubutun wayar da kai da za a yi da waɗannan kalmomi ya ware alamun da ba sa jira: jini bayan saduwa, jini bayan ɗaukewar haila, jini a bayan gida, rama ba dalili, ko ƙullutu a ciki. Waɗannan suna iya zama alamun sankara, musamman ta bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Nijeriya a watan Oktoba na 2023, Birnin Tarayya na cikin rukunin farko. Haka kuma a ja kunne kan yawan shan magungunan kashe zafi ba da izinin likita ba, domin wasu suna jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, wasu kuma, irin su tiramadol, suna kama jiki.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ciwon mara mai daɗewa yakan zo ne tare da cututtukan mahaifa da mafitsara da hanji da tsoka da na tunani, kuma tarayyar jijiyoyin saƙo da kaifafar laka da ƙwaƙwalwa su ne ke ɗaure su wuri guda. Ta kuma nuna cewa gano su ya dogara ga abin da majiyyaciya ta iya faɗa da abin da likita ya iya fahimta, inda faɗin ma'anar wasu kalmomi da sakaya zance da raunin fassara ke iya ɓatar da shekaru daga rayuwar mace. Ayyuka uku ne ke gaban masana harshe: tattara kalmomin siffanta ciwo daga karuruwan Hausa dabam-dabam, daidaita sunayen cututtukan da aka ambata, da shirya jerin tambayoyi cikin Hausa mai mutunci wanda ma'aikatan lafiya za su riƙa amfani da shi. Irin wannan aiki yana kuma jiran Gbagyi da Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan Nijeriya.